Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Bikin Abzin Na Iferwan Da Shugabannin Jahar Agadas

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Abzin, da Mai Girma Gwamnan Jahar Agadas, da Anastafidat, shugaban Abzinawan Kel Ewe, da magadan gari na Iferwan da Timiya da Tabelot, da dattawan kwamitin da ke shirya Bikin Abzin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa shugabanni lafiya da basira. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da jama'a, ina kuma roƙon ku yi haƙuri da tsawon wannan takarda, don maganar ta daɗe tana cina a rai.

Ni Bahaushe ne, haifaffen unguwar Zango a Damagaram. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fatoma ne na Abzinawa. A gidanmu ayari ke sauka in ɗari ya kama, bayan sun ƙetare hamadar Tenere sun ɗebo kantun gishiri da dabino a Fashi da Bilma, sun koma duwatsu sun huta, sannan suka gangaro kudu neman gero. Har yau ina iya ganin hannun madugun da ke sauka a zauren gidanmu, shuɗi kamar an tsoma shi a marina, saboda babban turkuɗin da yake naɗawa. Yakan kira ni ya zuba mini busasshen dabino a hula, ya ce in na girma zai kai ni garinsu in ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Bai kai ni ba, ajali ya riga shi. Gwamnati ce ta cika masa alkawari, da ta tura ni koyarwa lakwal a kwarin Iferwan bayan sulhun 1995 da ya kawo ƙarshen tawayen Abzinawa na farko. Na yi shekara 9 a can. Ina nan aka yi bikin farko a 2001, kuma tun daga ranar ban taɓa jin an ambaci bikin nan ba tare da gabana ya motsa ba.

Wanda bai je ba, ba zai gane abin da nake nufi ba, don haka bari in ɗan faɗi abin da idona ya gani. Da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta jingina ta bugi dutsen Tamgak ya koma ja kamar garwashi, mata sukan zauna su yi da'ira a kan yashi. Sai a kawo turmi, irin wanda ake daka gero da shi da safe, a shimfiɗa masa fatar akuya, a ɗaure ta da taɓare biyu, mata biyu su zauna a kan taɓaren don fatar ta ɗame, wata na yayyafa mata ruwa. Shi ke nan an haɗa tande. Mace guda ta ɗauki waƙa, sauran na amshi da tafi. Daga nan sai ka ga mahaya sun ɓullo, biyu-biyu, uku-uku, a kan fararen raƙuma masu sirdi mai kan gicciye, sun ja akala har wuyan amale ya lanƙwashe, suna kewaya matan. Abin da ya ba ni mamaki tun ran farko shi ne raƙumin yana ɗaga ƙafa daidai da bugun turmin. Ba wanda ya koya masa a aji. Mahayin ya rufe fuska da amawali, idanu kaɗai kake gani, amma duk wadda ke cikin da'irar ta san ko ɗan wane ne, daga yadda ya zauna a kan sirdi. In dare ya yi sanyi ya sauko, irin sanyin da ke sa ruwan randa ya daskare, sai a hura wuta, a ɗora shayi, wata tsohuwa ta jawo imzad. Ƙwarya ce da fata da tsirkiya guda ta gashin doki, 'yar'uwar gogenmu. Da ta ja baka, maza masu takobi sai su yi tsit, su sunkuyar da kai.

Wannan shi ne abin da kuke riƙe da shi amana, kuma na yaba muku. Bikin da aka fara shekara guda bayan an ƙona makamai a Agadas a 2000, wanda yaƙi ya tsayar da shi, kuka sake tayar da shi, ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a zuwana na ƙarshe. Na nemi wani tsohon ɗalibina, wanda a da yana cikin fitattun jagororin masu yawon buɗe ido. Ya san hanyar Temet da Arakawo da Adrar Shiriyat kamar yadda na san lungunan Zango, yana jin Faransanci, yana taɓa Italiyanci da Jamusanci, duk a bakin aiki ya koya. Na tarar da motarsa a tsakar gida, an ɗora ta a kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ya je haƙar zinariya a Cibarakatan ya dawo da tari. Muka zauna ya dafa mini shayi, aka sha na farko, aka sha na biyu, sai ya kira ni da sunan da 'yan lakwal ke kiran malaminsu, ya ce: “Mushe, in dai Anasara suka dawo, komai zai gyaru.” Washegari maƙerin da ya taɓa ƙera wa matata 'yan kunne ya faɗa mini haka. Mai masaukina ma haka. Kwana huɗu na yi, kowa na haɗu da shi maganarsa ke nan, yaushe za su dawo.

Ranku ya daɗe, shekara nawa ke nan ana wannan jira? Ni da ku duk mun san tarihin. A shekarun 1980 Turawa sun cika Agadas, tseren motocin Paris-Dakar na ratsa ta, ofisoshin yawon buɗe ido suka yi ta buɗewa. Tawayen farko ya zo ya kore su. Bayan sulhun 24 ga Afrilun 1995 suka fara dawowa, jirage na sauka kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. A Fabrairun 2007 aka kai hari nan Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, garin ya kusa zama kufai, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Kafin a gama farfaɗowa, a Satumbar 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, ƙasashen Turai suka shafa wa taswirar arewacin Nijar jan launi, suka ce kada 'ya'yansu su je. Sau biyu ke nan a cikin rayuwar mutum guda ana gina sana'a a kan baƙon nesa, sau biyu tana rushewa cikin dare ɗaya, ba tare da laifin maƙeri ko jagora ko mai raƙumi ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Duk wanda ya zo daga Turai muna maraba da shi, kuma akwai waɗanda suka haƙa rijiyoyi suka gina azuzuwa a kwarurrukan nan, Allah ya saka musu. Amma bai kamata abincin yaran Iferwan ya dogara da takardar gargaɗin da wani ofishi zai fitar a Paris ko Berlin ba.

Roƙona gare ku guda ɗaya ne, sauran duk rassansa ne: ku juyo da fuskar bikin nan kudu. Ku shirya shi domin mutumin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Dosso da Yamai, da na Katsina da Kano da Sakkwato, da kuma, kafin kowa, domin mutanen duwatsun su kansu.

Na san za a ce mutanenmu ba su da al'adar yawon buɗe ido. Na sha jin wannan magana, kuma ban yarda da ita ba. Ku je Tafadak, arewa da Agadas, ku ga waɗanda ke kwana a bakin ruwan zafin nan suna wanka don ciwon gaɓoɓi. Ba Turawa ba ne, tsofaffinmu ne da suka tara kuɗin mota suka zo daga nesa. Ku dubi taron Ingal a ƙarshen damina, ku dubi yadda Agadas ke cika lokacin bikin Biyanu a watan Muharram, ku dubi yadda gari ke tumbatsa duk inda aka kai kokawar takobi ta ƙasa. Mutanen da ke zuwa Kaulaha mauludi, suke zuwa Argungu kallon su, suke cika Kano da Katsina don hawan salla, ba za a ce ba su san tafiya don kallo ba. Suna zuwa inda aka gayyace su da harshen da suke ji, a ranar da suka sani, da kuɗin da aljihunsu zai ɗauka. Abzin kuwa ba a taɓa yi musu wannan gayyata ba.

Kuma ba baƙi ba ne a wurin. Gobirawa a bakin kakanninsu suka ji cewa daga Abzin suka gangaro. Turkuɗin da mahayan nan ke naɗawa, wanda ke ƙyalli a rana har ya rina musu fata, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga shi da mabugi. Geron da ake dakawa a turmin tande daga Damargu da Damagaram yake zuwa, gishirin da shanun Katsina ke lasa kuwa a bayan raƙuman Timiya ya taho. Sarakunanmu sun yi alfahari da dokin ɗan Azbin da na Bagazam. A kasuwar Agadas Hausa ake yi. Zumunta ce ta ɗaruruwan shekaru, amma tafiyar ta zama ta gefe guda: su suke saukowa wurinmu, mu ba mu hawa wurinsu. An ce zumunta a ƙafa take.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Da na dawo kudu na ci gaba da koyarwa, kowace shekara nakan rubuta a allo cewa dutse mafi tsawo a Nijar yana Bagazam, Idukal-n-Tagas, mita 2,022. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, ya fi tsaunin Birni tsawo?” Duwatsun da ke bayan fadar Damagaram su ne iyakar dutsen da ta sani. Na rasa yadda zan yi mata bayani. Ni na hau Bagazam da ƙafata, bayan jakuna, ta wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu, numfashi na sama-sama, kuma da muka kai sama sai ga ƙauyuka da lambuna, ga tafarnuwa da dankalin Turawa da alkama, ga iska mai sanyi kamar ba a cikin Sahara kake ba. Yaron da ya yi wannan hawa sau ɗaya ba zai ƙara kallon taswirar ƙasarsa kamar da ba. Ba zai girma yana ɗaukar arewa a matsayin wurin tawaye da yashi ba, kuma ba zai kira ɗan'uwansa da sunan raini ba, bayan ya kwana a bukkarsa ya sha tuƙuɗinsa. Abin da aka sa hannu a kansa a 1995 takarda ce. Yaran da suka ci abinci a akushi ɗaya su ne za su riƙe ta.

Don haka ina roƙon a ware wa 'yan makaranta wuri a cikin bikin. Ko aji guda ne daga kowace jaha, a fara da shi. A haɗa su da yaran Iferwan da Timiya, a ba su jagorori irin ɗalibin nan nawa, su shiga kwazazzabon Tamgak da ƙafa har inda ruwa ke kwanciya tsakanin duwatsu, wanda Abzinawa ke kira agelman. A nuna musu sawun ragon dutse da na barewa, a koya musu yadda ake gane gabas da taurari, a gasa tagalla, gurasar Abzinawa, a cikin yashi da toka su ci. A kai su kangon Asode su ga birnin da ya taɓa zama cibiyar Abzin, a ba su labarin Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransa bore, da yaƙin 1916 da 1917 a wurin da abin ya faru. Wannan yanki na Abzin da Tenere tun 1988 aka keɓe shi gandun daji, hekta miliyan 7.7, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Jiminar da ta taɓa yawo a kwarurrukan nan ta ƙare a daji, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace. Wa zai kare abin da ya rage, in ba yaran da suka taɓa ganinsa ba?

Sai maganar rana. An yi bikin a ƙarshen Disamba, an yi shi a Fabrairu, kuma sau da yawa mu na kudu sai a rediyo muke jin an gama. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya tashi tafiyar kwana biyu da sanarwar mako guda. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, daga can a bi ta Arlit a sake yanka hanyar da ba kwalta. Mutum na bukatar ya san ranar tun da kaka, ya sayar da wake ya ajiye, mata su yi adashi a kai, makaranta ta rubuta wa iyaye. Ku tsayar da lokaci guda wanda ba ya motsi, kuma in so samu ne ya dace da hutun makaranta na ƙarshen shekara, lokacin da lemon Timiya ya nuna. A sanar da Hausa da Tamajak da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci a gidajen rediyo, har da na Kano da Katsina. A yi magana da kamfanonin motocin safa su shirya tafiya ta musamman. A kafa zango na talaka, da tabarma da bargo da ruwa da makewayi, wanda za a biya da 'yan jikkuna, domin masaukin da aka yi wa farashi da kuɗin Turai ba na malamin makaranta ba ne.

Akwai kuma wani abu da na sha gani a bukukuwan ƙasar nan, ba sai na kama suna ba. Mahaya sun yi kwana uku a hanya, sun yi ado tun hantsi, suna tsaye a rana da raƙumansu, ana jiran wani babban baƙo da jirginsa ya makara. In ya iso a yi jawabi biyar da Faransanci, wanda matan da suka kawo turmin ba su ji ko kalma ɗaya ba, sannan a ce su yi sauri don baƙo zai koma. Ina roƙon ku tsare Bikin Abzin daga wannan. Tande ba a yi masa gaggawa. Manyan baƙi su zo, muna son su zo, amma su zauna a tabarma su kalli masu biki, kuma abin da za a faɗa a faɗe shi da harshen masu wurin tukuna.

Game da maƙera, wato inadan, da matansu masu aikin fata, zan ɗan tsaya, don na zauna da su sosai. Na ga yadda ake ƙera gicciyen Iferwan tun daga farko. Maƙeri zai murza kakin zuma ya fitar da siffar, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. In ta huce ya fasa yumɓun, don haka kowane gicciye da nasa mazubin, ba a maimaitawa. Daga nan ya riƙe shi da yatsun ƙafa, ya yi ta gogewa da magagari, yana zana masa layuka da ɗan ƙarfe mai tsini, yaronsa na zuga wuta. Yini guda cur. Na taɓa ganin wani dillali ya kwashi aikin mako biyu na wani tsoho a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba, saboda tsohon ba shi da wani mai saye kuma gidansa ba hatsi. Bayan wata biyu na ga irin kayan a wani kanti a Yamai, farashin ya ninka sau da yawa. Kasuwar kudu za ta iya raba su da wannan ƙangi. Amaren Kano da Maraɗi suna sayen azurfa, mahaya hawan salla suna neman takobi da linzami da jakar fata, gidajenmu suna son tabarmi da akwatunan fata. A yi wa maƙera rumfa tasu a bikin, su sayar da hannunsu, a rubuta sunan garin kowa a kan kayansa, a kuma gayyaci 'yan kasuwar Kurmi da marinan Kura su zo su baje nasu. A bar su su yi ciniki kamar yadda kakanninsu suka yi.

Imzad kuwa gaggawa take so. A 2013 UNESCO ta amince da ita cikin al'adun duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, amma takardar ba ta koya wa kowa jan baka. Matan da suka iya ta tsofaffi ne, kuma ba su da yawa. Samari sun rungumi jita, har sun kai kiɗan Agadas ƙasashen duniya, ina kuma alfahari da su. Sai dai lasifikar jita in ta tashi, tsirkiya guda ba ta jin kanta. Ku ba imzad darenta ita kaɗai, ba janareta, ba lasifika. Kyautar da za a ba tsohuwar da ta yi fice kada ta tsaya a turmin atamfa. A yanka mata wani abu duk wata, da sharaɗin ta zaunar da 'yan mata biyu ko uku a gabanta har shekara ta zagayo, su zo su nuna abin da suka koya. Haka ma masu waƙar baka da masu rubutun Tifinar, wato rubutun Abzinawa.

Ina kuma ganin bai kamata albarkar ta tsaya a Iferwan kaɗai ba. Ko bikin bai tashi daga mazauninsa ba, a shirya wa baƙi hanyar komawa ta Timiya, su yini a lambunan lemo da ruman da inabi, su gangara wurin da ruwa ke zubowa daga dutse, wanda madugun nan ya yi mini alkawari, su hau tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ke kallon garin. Su ga rijiyar takarkart, inda raƙumi ko sa ke tafiya yana jawo wasaki, ruwa na kwarara a kwalbatin itacen dabino yana bin kunyoyi. Su biya ta Tabelot su sayi albasa a gona.

Amma in mutane suka yawaita, ɓarna ma za ta yawaita, kuma gara a faɗa tun yanzu. Mu mutanen birni muna da halin yar da leda duk inda muka zauna, akuyar makiyayi kuwa in ta ci leda mutuwa take yi. Agelman ruwan shan mutane ne da dabbobi, ba wurin wanki da sabulu ba ne. Itacen da ya yi shekara 50 kafin ya kai tsawon mutum bai kamata a sare shi don dafa shayin dare guda ba. Injinan ban ruwa sun riga sun yawaita a kwari saboda albasa, manoma na ƙara wa rijiyoyi zurfi, don haka ruwan da baƙi za su sha a lissafa shi tun kafin su zo. Zango kuma kada a kafa shi a cikin ƙorama don yashinta na da laushi. Mutanen Agadas ba su manta da abin da ambaliyar ƙoramar Telwa ta yi musu a Satumbar 2009 ba.

Sai zanen duwatsu. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse tun dubban shekaru, babban ya haura mita 5, an fitar masa da kowane tabo na jikinsa. Kwafinsa na nan a filin jirgin Agadas. Irin wannan dabba yau a Nijar sai ka je Kure kusa da Yamai, ko Gadabeji inda aka mayar da wasu a 2018, kafin ka gan ta da rai. A wani kwari na taɓa tarar da wani matashi ya ɗauki ƙusa yana rubuta sunansa da na budurwarsa a kan zanen wata saniya. Da na yi masa magana ya ce ai dutse ne kawai. Ban ga laifinsa sosai ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa ko mene ne. A sa masu gadi daga cikin mazauna wurin, a biya su, kuma kada wata ƙungiya ta shiga wurin zane ba jagora. Nan ma aiki ne ga samarin da ke tafiya ramin zinariya.

Ban manta da tsaro ba, kuma ba zan yi kamar babu matsala ba. Hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit ta lalace, 'yan fashi na tare motoci a wasu wurare, uba kuma ba zai saki ɗansa ba sai ya natsu. Wannan ku kuka fi ni sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan ce kawai, rakiyar da ake iya shirya wa tawagar manyan baƙi ana iya shirya wa motocin 'yan makaranta irinta, a tashi rana ɗaya a jere kamar ayari, a dawo rana ɗaya. Kakanninmu da haka suka ƙetare Tenere.

Allah ya ja zamanin Sarki, ni yanzu na yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, Bagazam ta fi ƙarfina. Amma ina da jikoki huɗu da suka isa tafiya, kuma na yi magana da wasu tsofaffin abokan aiki a nan Damagaram, mun yarda za mu haɗa kuɗin mota guda mu kawo yara 20, rabi mata rabi maza. Ɗalibin nan nawa ya ce in mun zo shi zai ja su zuwa Tamgak, har ya fara neman tayoyin da zai sauke motarsa daga kan duwatsu. Abin da muke jira daga gare ku shi ne rana. Ku faɗa mana ita kafin a yanke gero.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa a yi biki a tashi lafiya.

Wassalam.

Naku, tsohon malamin lakwal na kwarin Iferwan,
daga unguwar Zango, Damagaram.